Or Tor Kor ko Khlong Toei? Amsa ga Hajiyar da za ta Bankok a watan Mayu

Hajiya, kin ce za ki Bankok sarin kaya a watan Mayu, masaukinki a Pratunam, kuma yini guda kacal za ki samu na hutu. An ba ki sunan kasuwa biyu, Or Tor Kor da Khlong Toei, kina tambaya wacce za ki nufa don ki ɗanɗana kayan marmarin Tailan da ake ta kurantawa, ki kuma ci abincin bakin titi hankali kwance. Ni dai Or Tor Kor zan tura ki. Ba don araha ba, domin a wannan fanni Khlong Toei ta yi mata fintinƙau. Dalilina shi ne baƙon da bai san kaya ba ya fi buƙatar mai zaɓa masa fiye da mai rage masa kuɗi.

Kin dace da wata. Daga Afrilu zuwa Yuni ne gonakin gabashin ƙasar, musamman lardunan Chanthaburi da Rayong, suke sauke duriyan da mangostin da rambutan, mangwaro ma bai gama wucewa ba. Sai dai a tsakiyar Mayun ne damina take kankama, kuma wannan zai shafi zaɓinki, kamar yadda za ki gani.

Or Tor Kor kasuwa ce ta hukumar tallata amfanin gona ta manoma, wadda aka kafa a 1974 a ƙarƙashin ma'aikatar gona. Tana arewacin birni, daura da babbar kasuwar Chatuchak da ke ci Asabar da Lahadi. Rufi ɗaya ne babba, ƙasa a shafe da tayil, layuka masu faɗi, haske ko'ina. Daga safiya take ci zuwa wajen magariba. Masu hali na Bankok a nan suke sayen abin da za su kai wa surukai ko maigida a wurin aiki, shi ya sa za ki ga mangwaro an jera shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar rigarsa ta soso, babu tabo ko ɗigo.

Khlong Toei kuwa ita ce babbar kasuwar ɗanyen kaya ta birnin, a gefen titin Rama IV, kusa da tashar jiragen ruwa. Kusan ba ta barci. Tun kafin asuba masu gidajen abinci da masu amalanken kan titi suke cika ta, don a nan suke yin cefane. Layukanta matsattsu ne, 'yan dako na tura baro, babura na kutsawa tsakanin mutane, ƙasa kullum a jiƙe da ruwan kifi da na ƙanƙarar da ta narke. In ruwan sama ya ƙara a kai, gefen abayarki zai ba da labari. Akwai kaji da rai, kifi na tsalle a roba, kwaɗi a ɗaure cikin raga, ga kuma layin mahauta inda naman alade yake rataye a fili, har da kawuna. Na faɗi wannan ne don kada ki shiga ba shiri. Wasu ba ya damunsu, wasu kuwa daga nan sun gama cin abinci sai gobe.

Wurin zuwa ba su da wani bambanci sosai, don layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya ne ya haɗa su, mai launin shuɗi. Daga Pratunam ki hau jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgin sama a tashar Ratchaprarop, ki sauka a Makkasan, ki taka zuwa tashar Phetchaburi. In kin yi arewa, ki sauka a Kamphaeng Phet, ƙofa ta 3 tana fito da ke a bakin Or Tor Kor. In kin yi kudu, tasha biyu ce zuwa Queen Sirikit, daga nan sai tafiyar ƙasa ta 'yan mintoci a gefen titi mai hayaƙi.

To, mu zo kan duriyan, tunda shi kowa ke tambaya, kuma a kansa ne bambancin kasuwannin biyu ya fi fitowa. Ƙato ne mai ƙaya, yakan kai kilo biyu zuwa huɗu, fiye da rabin nauyinsa kuma ɓawo ne da ƙwallo. A Khlong Toei galibi guda ake saya, a ɗora a sikeli da ɓawonsa. Mai sayarwa zai sa safar hannu, ya ɗauki sanda mai roba a baki, ya riƙa ƙwanƙwasa jikinsa yana kasa kunne. Amon da ya fito a toshe na nufin bai nuna ba, wanda ya yi ɗan fanko na nufin naman ya saki ɓawo. Sai ya yanka 'yar taga mai kusurwa uku, ya ce ki danna da yatsa ki ji laushinsa. Abin sha'awa ne a kalla, amma ke da ba ki taɓa ci ba, me za ki gane daga dannawar? Duk abin da ya ce shi ne. In kin yi rashin sa'a, ki biya kuɗin kilo uku ki tarar da nama mai tauri marar ɗanɗano, ko wanda ya zarce ya fara ɗaci.

A Or Tor Kor an riga an ɓare, an jera ɓargo-ɓargo a faranti an rufe da leda, kina ganin abin da za ki biya. Za ki iya sayen yanki ɗaya tak. Mai rumfa za ta tambaye ki mai ɗan ƙarfi kike so ko mai laushi, don mutanen Tailan sun fi son wanda bai gama narkewa ba, saɓanin 'yan Malesiya da ke jiran ya faɗo da kansa daga bishiya. Ki fara da nau'in Monthong: namansa kauri, ƙwallonsa ƙarami, warinsa da sauƙi, shi ne kuma aka fi lodawa zuwa ƙasar Sin, wadda ke kwashe mafi yawan duriyan da Tailan ke fitarwa. Chanee ya fi shi kaifin wari da launi. Kanyao kuwa, musamman na lardin Nonthaburi, ki kalla kawai ki wuce: ambaliyar 2011 ta kashe yawancin tsofaffin gonakinsa, guda ɗaya yakan kai dubban bat, wato kuɗin ƙasar. Ɗanɗanon duriyan zaƙi ne mai maiƙo da santsi, da wani ɗan tashin albasa a bayansa. Akwai wanda loma ɗaya ke kama shi har abada, akwai wanda ba zai ƙara ba ko da kuɗi. Shi ya sa sayen yanki ɗaya da tsada ya fi sayen guda da araha.

A inda kika saya a nan za ki cinye. Ba a shiga jirgin ƙasa da shi, yawancin otal-otal sun manna hotonsa da jan layi a ƙofa, wasu har tara suke ci. Mai ciwon suga kuma ya taka a hankali, zaƙinsa ba na wasa ba ne.

Mangostin ne inda zan ba Khlong Toei haƙƙinta. Shi ba ya buƙatar gwani, ke ma za ki iya zaɓa. Ƙaramin abu ne mai ɓawo ja-ja mai duhu, da 'yar hula kore a ka. Ki matsa shi a tafin hannu: in ya ɗan lotsa, lafiyayye ne, in ya yi tauri ƙam ko kika ga busasshen ƙaro rawaya a jikinsa, ajiye shi. Ki juya gindinsa, akwai wani ɗan zane mai kunnuwa, yawan kunnuwan shi ne yawan ɓargon da ke ciki, kuma mai ɓargo da yawa ya fi ƙarancin ƙwallo. Cikinsa fari fat, zaƙi da ɗan tsami, yana narkewa a baki. Ki duba ƙarƙashin hular, baƙaƙen tururuwa na son maƙalewa a wurin, ruwan ɓawon kuma in ya taɓa farin mayafi ba ya fita da daɗi. Mutanen can suna cewa duriyan na sa zafin jiki, mangostin na sanyaya shi, don haka tare suke cinsu. A tsakiyar kakarsa tuli ake yi da shi a Khlong Toei, kuɗin kilo ɗaya na Or Tor Kor zai iya saya miki biyu ko fiye, daɗin kuma ɗaya ne. Haka rambutan, mai jan ɓawo da gashi: ki nemi wanda bakin gashinsa ke kore, shi ne sabon tsinka.

Ciniki ba ya tafiya yadda kika saba. A duka biyun ana rubuta farashin kilo a ɗan kwali a soke cikin kaya, da lambobin da kika sani. A Or Tor Kor abin da aka rubuta shi ne. A Khlong Toei in kin sayi da yawa za a iya yi miki gyara ko a share 'yan canji, amma taya rabin kuɗi a kan kilo ɗaya zai sa a ɗauke kai a kula wani. Ki bar ƙwarewar tayinki ga masu tufafi na Pratunam.

Sai batun abincin bakin titi, kuma a nan ba zan zaɓa miki ko ɗaya daga cikinsu ba. Or Tor Kor na da sashen dafaffen abinci mai tsabta da wurin zama, Khlong Toei na da masu tukwane a kowane lungu, amma tsabta daban, halal daban. Alade ya ratsa girkin Bankok ta inda ba ki zato: a romon taliya, a cikin ƙwallayen nama, wani lokaci har a man suya. Abin da ya fi yaudarar mutanenmu shi ne wani nama da ake gasawa a tsinke kan garwashi da safe, ana haɗawa da shinkafa mai danƙo a leda. In kin hango shi sai ki rantse tsire ne. Sunansa mu ping, naman alade ne zalla. Ko na kaza kika gani a gefensa, wayar gashi ɗaya suka hau. Ki riƙe kalmar mu, ita ce alade, ki kuma iya cewa mai kin mu, wato ba na cin alade.

Abin da za ki ci a ko'ina cikin biyun ba tare da dogon bincike ba shi ne khao niao mamuang: shinkafa mai danƙo da aka turara aka jiƙa da madarar kwakwa da sukari da ɗan gishiri, a yanka nunannen mangwaro a gefe, a barbaɗa soyayyen wake ƙanana a sama. Da mangwaron Nam Dok Mai ko Ok Rong ake yi, kuma na Or Tor Kor ya cancanci kuɗinsa. Som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi, babu nama a ciki, amma akwai ruwan kifi da busasshen jatan lande, wani kuma da ƙaguwa da tsimammen kifi mai ƙarfin wari. Barkononsa ba ya tausayin baƙo, ki ɗaga yatsa ɗaya, wato barkono ɗaya kike so, tun kafin mai dakan ta jefa a turmi.

In cikakken abinci kike so, ai yana kusa da masaukinki. Layi na 7 a titin Phetchaburi unguwar Musulmi ce, nan masallacin Darul Aman yake, kewaye da masu abinci. Ki nemi khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza mai kurkum, da roti da ake soyawa a faranti a zuba ayaba da madara, wanda galibi Musulmi ne ke sana'arsa. Layi na 3 a Sukhumvit kuma cike yake da gidajen abincin Larabawa. Alamar da za ki duba ita ce tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko jinjirin wata da tauraro a jikin amalanke, ko mai girki da ɗan kwali ko hula.

Kada kuma ki raina mai amalanken kayan marmari da zai tsaya a bakin layinku kullum. Akwatin gilashi ne a kan ƙanƙara, ciki da abarba, kankana, gwanda, gwaba da ɗanyen mangwaro. Ki nuna da yatsa, ya sare miki cikin leda da wuƙa a 'yan daƙiƙu, ya soka tsinke, ya haɗa da ƙullin gishiri da sukari da barkono na dangwale. Leda ɗaya ba ta cika wuce bat 20 zuwa 30 ba. Shi ma daga irin su Khlong Toei yake saro kayansa, kin ga arahar ta biyo ki har gida ba tare da kin taka dagwalo ba. Ranar Litinin ce kawai za ki ga sun yi ƙaranci, don ita hukumar birni ta ware wa sharar tituna.

Tsaraba kuma Or Tor Kor ce wurinta, tunda ɗanyen duriyan ba ya hawa jirgin sama: akwai soyayyensa da aka yanka siri-siri, busasshen mangwaro, busasshen longan (wani ƙaramin ɗan itace mai zaƙi) daga Lamphun, da tsamiyar Phetchabun mai zaƙi wadda ake ci haka nan ba a jiƙa ba, duk a ɗaure cikin leda mai hatimi. In kuma sarin tufafi ya kai ki kasuwar Bobae, ki tambayi Mahanak, tana nan dab da ita: kasuwar sarin kayan marmari ce a bakin magudanar ruwa, da tsohon masallaci a unguwar, sai ki sayi mangostin ɗinki a can ki yi azahar kafin ki koma.