Digiri na biyu a Legon ko kwas na satifiket: amsa ga 'yar'uwarmu mai riƙe da takardun kamfani

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwarmu daga Nima ta kawo tambaya. Tana da digiri na farko, shekara shida ke nan tana kula da laburare da takardun wani kamfanin inshora a Akra, shugaban sashensu zai yi ritaya nan da shekara biyu, kuma aljihunta ba zai ɗauki karatu biyu lokaci guda ba. Ta je ta yi digiri na biyu ne, ko ta yi kwas na satifiket, in tana son kujerar?

Malama, ki fara da neman takardar bayanin muƙamin a ofishin kula da ma'aikata. In an rubuta cewa sai mai digiri na biyu, magana ta ƙare, satifiket goma ba za su maye gurbinsa ba. In an rubuta digiri na farko da ƙwarewa, to a nan ne kwatancen yake da amfani.

Digirin dai a Sashen Nazarin Bayanai na Jami'ar Gana da ke Legon ake yinsa. Iri biyu ne: MA shekara ɗaya ne, MPhil shekara biyu da rubutun bincike mai zurfi. Za ki samu tushe: tsara bayanai, kula da tsoffin takardu, hanyoyin bincike, gudanar da cibiya. Takarda ce da ba ta tsufa, kuma ita ake dubawa a laburaren jami'a irin Balme ta Legon ko ta Prempeh II a jami'ar KNUST da ke Kumasi, haka ma a aikin gwamnati. Matsalarta a wurinki ita ce lokaci. Mai tashi aiki ƙarfe biyar, ga cunkoson hanyar Madina, ga gida, abin da ya fi kayar da shi ba darasin aji ba ne, rubutun bincike ne, wanda yakan ja watanni bayan an gama komai. In kamfani zai biya miki, ki karanta yarjejeniyar da kyau kafin sa hannu: shekara nawa za ki zauna bayan kin gama, nawa za ki mayar in kin tafi. MPhil kuwa, in ba koyarwa ko digiri na uku kike hange ba, kada ki ɗora wa kanki.

Satifiket kashi biyu ne, kuma a nan mutanenmu ke yawan asarar kuɗi. Akwai takardar halarta, wadda ake rabawa bayan kwana uku a otal, ba jarrabawa, ba aikin da aka duba. Akwai kuma takardar ƙwarewa. CRM, takardar ƙwarewar kula da takardu ta cibiyar ICRM da ke Amurka, jarrabawa ce mai kashi shida, na ƙarshen rubutu ne a kan matsalar aiki. CILIP, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Ingila, ba jarrabawa take yi ba, kundin shaidar aikinki take dubawa kafin ta ba ki takardarta ta ƙwarewa, MCLIP. Dukansu da dala ko fam ake biya, kuma akwai kuɗin sabuntawa, saboda haka ki lissafa da sidi na shekara uku, ba na rana ɗaya ba. In difloma ce ko digiri wata makaranta ta cikin gida ke tallatawa, ki duba ko GTEC, hukumar kula da manyan makarantu ta Gana, ta amince da ita kafin ki biya ko pesewa.

A ganinmu, wanda ya fi kusa da bukatarki shi ne horo kan kare bayanan mutane. Dokar 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya sabunta duk shekara biyu, kada ya riƙe bayani fiye da yadda ake bukata, kuma ya sanar da hukumar da mutumin da abin ya shafa in bayanai suka faɗa hannun da bai dace ba. Kamfanin inshora cike yake da sunaye, lambobin katin Gana, rahoton asibiti da bayanin magada. Manyan kamfani ba su cika damuwa da yawan littattafan da ke kan kanta ba, amma suna tsoron tara, shari'a da zubewar suna. Wadda ta san wannan doka, ta kuma san inda kowane fayil yake, ita za a kira in abu ya taso.

To amma satifiket da bai haifar da aiki ba ado ne kawai. Abin da za ki fito da shi daga kwas ɗin shi ne jadawalin adana takardu. Ki zaga sashe-sashe ki rubuta irin takardun da kowa ke riƙe da su, na takarda da na kwamfuta. Sai ki yi tebur mai gida shida: nau'in takarda, sashen da ke da ita, abin da ke sa a fara ƙirga lokaci, tsawon lokacin, dokar da ta ce haka, da abin da za a yi da ita a ƙarshe. Misali, dokar gudanar da haraji ta 2016, mai lamba 915, ta ce a ajiye takardun haraji aƙalla shekara shida. Ma'aunin ISO 15489, na duniya kan kula da takardu, zai nuna miki tsarin, shi kuma lauyan kamfani da mai binciken kuɗi dole su sa hannu kafin a fara aiki da shi.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko, ƙirga lokaci daga ranar da aka buɗe fayil maimakon ranar da aka rufe shi. Inshorar rai tana iya yin shekara ashirin a buɗe, in aka ƙirga daga farko sai a lalata fayil mai rai. Na biyu, lalata takardar da ake shari'a a kanta don lokacinta ya cika, alhali da zarar an ji ƙishin-ƙishin ƙara ya kamata a dakatar da lalatawa a rubuce. Na uku, ɗaukar hoton dubban shafuka a zuba a SharePoint, manhajar ajiye fayiloli, ba tare da tsarin suna da lambar fayil ba, sai a mayar da tarin takarda tarin hoto, nema ya ƙara wuya. Kuma duk abin da aka lalata a cike masa takardar shaida mai kwanan wata da sa hannun mutum biyu.

Akwai abin da digiri da satifiket duka ba za su ba ki ba, wato sabo da riƙon mutane da kuɗi. Wannan a wurin aiki ake samunsa, kuma shekara biyun nan sun isa. Ki roƙi shugabanki ya bar miki kula da 'yan hidimar ƙasa da ake turo muku: ki raba musu aiki, ki duba, ki rubuta rahotonsu. Ki nemi ya sa ki cikin shirya kasafin kuɗin sashe, ko da layi ɗaya ne, kamar kuɗin rajistar mujallu da rumbunan bayanai. Kafin a sabunta kowace rajista ki nemi alƙaluman amfani daga mai sayarwa, ki raba kuɗin da yawan buɗewa, ki ga wadda ake biya ba a taɓawa. Sannan ki buɗe littafin tambayoyi: wa ya tambaya, me ya nema, awa nawa ya ɗauka, me aka yi da amsar. Bayan wata uku ki taƙaita shi a shafi ɗaya. Manaja ba zai karanta shafi goma ba, amma zai karanta cewa fayil ɗin biyan diyya da ake nema kwana biyu yanzu yana fitowa kafin azahar, in littafinki ya nuna haka. Gajeren kwas na gudanarwa a GIMPA, makarantar koyar da gudanarwa da ke Akra, zai ƙara, amma bayan kin fara taɓa aikin, ba kafin ba.

Ki kuma shiga Ƙungiyar Laburare ta Gana. AfLIA ma, ƙungiyar laburare ta Afirka, a nan Akra hedikwatarta take, ko da yake yawancin shirye-shiryenta na shugabanci sun fi karkata ga laburaren jama'a.

Saboda haka, in takardar muƙamin ba ta ɗaure ki da digiri ba, shawararmu ita ce shekarar farko ki yi horon kare bayanai ki kammala jadawalin, ki kai shi gaban shugabanni da sunanki a kai. Shekara ta biyu ki nemi MA, ki ɗauki jadawalin nan da littafin tambayoyin su zama batun bincikenki, bayan kin samu izinin kamfani a rubuce kuma kin cire sunayen abokan hulɗa. In kuwa zuciyarki tana ga komawa jami'a ko PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati, to ki juya tsarin, ki fara da Legon. Allah Ya ba da sa'a.