Kafin ka sayi kayan haɗa jitar gasa: kunshi, wuyan saye, ko katako daga tushe?

Tun da kamfanin Crimson Guitars na ƙasar Ingila ya fara gasar Great Guitar Build Off a shekarar 2020, masu sha'awar haɗa jita da hannunsu suka sami dandalin da mutum zai nuna aikinsa daga ɗakin kwanansa ko zauren gidansu, ya ɗauki bidiyon yadda ya faro har ya gama, duniya ta gani. Wanda ya kalli irin waɗannan bidiyoyi ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, tambayar farko da za ta tare shi ita ce me zai saya, domin hanyoyi uku ne a gabansa, kuma kuɗin da za a kashe da irin wahalar da za a sha sun bambanta ƙwarai. Ko dai ya sayi kunshin da aka riga aka yanka masa komai, ko ya sayi wuya kaɗai ya sassaƙa gangar jiki da kansa, ko kuma ya tashi daga gungumen katako.

Kafin a zo nan ma, akwai zaɓin da ya kamata a gama da shi da wuri. Jitar da ba ta amfani da lantarki akwati ce mai siririn bango: fuskarta ba ta wuce kaurin milimita 3 ba, ana lanƙwasa gefenta da zafi, sannan tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da nauyin da ya kai kilo 70. Ta lantarki mai cikakken jiki kuwa katako ne mai kaurin kusan milimita 45, kuma kuskure a jikinta ba ya kashe sautinta. Ga wanda bai taɓa yi ba, ta lantarki nake ba da shawara, musamman mai fasalin Telecaster, wadda Leo Fender ya fitar a 1950 da nufin ta yi sauƙin ƙerawa: jikinta shimfiɗaɗɗe ne, kuma sukurori huɗu ne ke riƙe da wuyanta. Fasalin Les Paul na kamfanin Gibson, wanda ya fito a 1952, yana da kyan gani, amma fuskarsa sassaƙaƙƙiya ce, kuma da gam ake manne wuyansa a wata karkata ta musamman, wadda idan aka kuskure ta gyara sai an ɓamɓare.

Kunshin da aka yanka shi ne mafi arha a yawancin lokuta, kuma shi ne mafi saurin kai mutum ga jitar da za ta yi kuka. Kamfanoni irin su StewMac na Amurka da Harley Benton na Jamus suna sayar da shi, akwai kuma marasa suna masu ɗimbin yawa a kasuwannin intanet. Aikin da ya rage wa mai saye shi ne gogewa da samfefa, shafa fenti ko mai, liƙa wayoyi da dalma, da daidaita tsirkiya. Rauninsa yana wurare biyu. Na farko, ƙarafan da ke zuwa a cikin kunshi mai arha, wato kunnuwan ɗaure tsirkiya, da jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki), da maɗaukan sauti (na'urorin da ke mayar da motsin tsirkiya ya zama siginar lantarki), sau da yawa sai an sauya su, don haka arhar tana iya zama ta baki kawai. Na biyu, gasa irin wannan takan ware masu kunshi daga masu tashi daga tushe, saboda haka wajibi ne a karanta ƙa'idar rukuni kafin a biya ko sisi. Idan kunshin ya iso, kada a fara da fenti. A zura wuyan a cikin raminsa tukuna a gani ko ya zauna daram ba ya girgiza, sannan a auna daga inda tsirkiya ke tashi a saman wuya zuwa na 12 daga cikin siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuyan, a ninka biyu. Nan ne jaki zai zauna, kuma idan ramukan da aka huda masa sun kauce daga nan, to a mayar da kayan tun ba a taɓa su ba.

Wannan awon shi ya sa nake fifita hanya ta biyu a kan sauran. Wuya shi ne rayuwar jita, kuma a nan ne ba a yafe kuskure. Tsawon tsirkiya a tsarin Fender milimita 648 ne, a tsarin Gibson kuwa kusan 628, kuma wurin kowane ƙarfe a kan allon yatsu, wato fuskar wuyan da ake danna tsirkiya a kai, ana samo shi ne ta raba tsawon da ya rage da 17.817. Idan zarto ya zame da rabin milimita a wurare biyu ko uku, kunne zai ji, kuma babu fentin da zai rufe wannan. A cikin wuyan kuma akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don ta yi jayayya da jan tsirkiya, wadda shimfiɗa ta a raminta ma aiki ne na daban. Wanda ya sayi wuyan da aka gama daga masu yin sa, kamar kamfanin Warmoth, ya sayi kwanciyar hankali a inda ya fi buƙatarta, sannan ya bar wa kansa gangar jiki, wadda a nan ne alƙalai da masu kallo suke ganin basirar mutum: fasalin da ya zana, katakon da ya zaɓo, da yadda ya fito da zanen da Allah ya yi a cikin itacen. Sai dai a sayi wuyan tukuna kafin a rarake masa mazauni, domin da wuyan da ke hannu ake auna rami, ba da adadin da aka rubuta a takarda ba.

Hanya ta uku, tashi daga tushe, ita ce mafi daraja a idon masu sana'ar, amma ita ce mafi tsada ga sabon shiga, ko da yake mutane kan ɗauka akasin haka. Ba katakon ne ke cin kuɗi ba, kayan aiki ne: injin rarake katako, zarto na musamman mai tsaga ramin ƙarafa, magagari kala-kala, da abubuwan matsewa masu yawa. Wanda yake da niyyar yin jita biyar ko goma zai ci ribar waɗannan kaya, wanda kuwa guda ɗaya yake so ya gwada, to jari ne da zai kwanta.

A kan katako kuwa, mu mutanen Yammacin Afirka ba baƙi ba ne a wannan harka, duk da ba kasafai muke sanin haka ba. Itacen da masu jita ke kira mahogani na Afirka ɗan uwan maɗaci ne, daga dangi ɗaya suke, sai dai maɗacinmu na arewa ya fi na kurmin kudu nauyi, abin da kafaɗar makaɗi za ta shaida bayan awa guda a tsaye. Farin itacen da Gibson ya yi wa laƙabi da korina ya ƙera jitocinsa Flying V da Explorer da shi a 1958, shi ne wanda 'yan katako a Najeriya suka sani da afara. Baƙin itacen da ake yin allon yatsu da shi kuma da yawansa daga Kamaru yake fitowa, har kamfanin jita na Taylor ya shiga haɗin gwiwar sayen masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Don haka babu dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗin jirgi da na kwastan a kan katakon gangar jiki alhali irinsa yana kasuwar 'yan katako. Abin lura shi ne doka: yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa takunkumi a kan fitar da wasu itatuwa, ciki har da madobiya tun 2017 da dangin maɗaci tun 2023, saboda haka wanda jitarsa za ta tsallaka iyaka ya bincika takardun da ake nema tun kafin ya yanka.

Amma bushewar katako ta fi sunansa muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma wannan na koya ne ta hanya mai ciwo. Na taɓa sayen katako a ƙarshen damina daga wani ɗan kasuwa da ya tabbatar mini ya bushe, na yi allon yatsu da shi, na kafa ƙarafa, komai sumul. Da hunturu ya kankama a watan Janairu, sai itacen ya tsuke, bakin kowane ƙarfe ya leƙo waje, idan na ja hannuna a gefen wuyan sai in ji kamar haƙoran zarto. Masu sana'ar suna son danshin da ke cikin katako ya sauko zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, kuma jita ta fi son iskar da danshinta yake tsakanin kashi 45 da 55, alhali iskar hunturunmu tana faɗuwa ƙasa da haka sosai. Wanda ba shi da na'urar auna danshi yana iya ɗora katakon a kan sikeli duk mako ya rubuta nauyinsa, kada ya sa masa zarto sai nauyin ya daina raguwa. Tsohon katako, na ƙofa ko na gadon da ya shekara ashirin a ɗaki, sau da yawa ya fi sabon da aka sayo da tsada, muddin babu gara ko ƙusa a cikinsa.

Maɗaukan sauti ba sa buƙatar dogon bayani. Mai naɗin waya ɗaya yana ba da sauti garau amma yana kwaso gunjin lantarki, mai naɗi biyu kuwa, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson a tsakiyar shekarun 1950, yana kashe gunjin kuma sautinsa ya fi kauri. A gidan da ake aiki da janareta ko wayoyin da ba a yi musu kyakkyawan haɗi da ƙasa ba, mai naɗi biyu zai fi ba ka bidiyo mai tsabtar sauti.

Sai shafe na ƙarshe, inda sababbin shiga suka fi zubar da aikinsu. Fentin feshi mai ƙyalli yana buƙatar ɗaki marar ƙura da makonni na jira kafin ya taurare, kuma kowa ya san abin da ƙurar hunturu take yi wa jiƙaƙƙen fenti. Man shafawa da tsumma, siriri-siriri sau da yawa, ya fi arha, ya fi sauƙin gyara, kuma a kan maɗaci yana fito da jan nan mai zurfi da kyamara ke so. Idan ranar rufe gasa ta kusa, a ware aƙalla makonni uku na ƙarshe don shafe da daidaita tsirkiya kaɗai, domin sabon wuya yakan ɗan motsa bayan an ɗaura masa tsirkiya, kuma sai an sake juya sandar ƙarfen nan sau ɗaya ko biyu kafin ya zauna.