Sharhi a Kan Home Manager: Tsara Fuskar Kwamfuta da Rubutu

Home Manager manhaja ce da ke ba mai amfani da Linux damar rubuta yadda yake son kwamfutarsa ta kasance a cikin fayil guda, ita kuma ta aiwatar da abin da ya rubuta. Ta dogara ne kan Nix, tsarin sarrafa manhajoji da Eelco Dolstra ya soma a 2003, ya kuma rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan a 2006. Robert Helgesson ne ya ƙaddamar da Home Manager, yanzu kuwa masu aikin sa-kai na nix-community ne ke kula da ita. Na daɗe ina amfani da ita a kan NixOS, nau'in Linux da aka gina a kan Nix, tare da GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin kwamfuta na Linux, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci wahalar koyo, muddin mutum bai ɗora mata kowane ƙaramin saiti ba.

Fayil ɗin da ake rubutawa sunansa home.nix. A cikinsa mutum ba ya jera matakan da za a bi, abin da yake son gani a ƙarshe kawai yake bayyanawa: manhajojin da za su kasance, sunan da Git, mai adana tarihin gyare-gyaren fayiloli, zai riƙa sawa a kan ayyukansa, irin rubutun da tasha, wato tagar da ake rubuta umarni, za ta nuna. Idan ya ba da umarnin home-manager switch, sai a gina fayilolin saitin a cikin /nix/store, ma'ajiyar Nix, a kuma sanya mahaɗai a babban jakar mai amfani masu nuni zuwa gare su. Kowane sauyi yana zama sabon zubi mai lambarsa, na baya kuma yana nan, don haka idan sabon saiti ya ɓata wani abu, komawa na jiya ba ya ɗaukar lokaci.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne GNOME. Wannan fuskar tana ajiye saitinta a rumbun dconf, wanda ba rubutu ba ne da ido zai karanta, shi ya sa mutum kan manta abin da ya taɓa canzawa da wurin da ya canza shi. Dabarar da na fi amfana da ita ita ce in buɗe tasha, in rubuta dconf watch /, sannan in je in danna abin da nake so. Da zarar na zaɓi yanayin duhu, sai layi ya fito yana nuna /org/gnome/desktop/interface/color-scheme tare da prefer-dark, in kwafe shi zuwa sashen dconf.settings na home.nix. Haka na yi wa madannan rubutu na Hausa, wato ng+hausa, waɗanda ke ba ni ɓ da ɗ da ƙ. Wannan saitin ya fi sauran wuyar rubutawa, domin GNOME tana buƙatar sa a matsayin ƙima biyu haɗe, dole a yi amfani da mkTuple wajen haɗa su, amma tun da na rubuta shi, duk kwamfutar da na ɗora wa fayil ɗin tana tashi da haruffanmu a shirye. Ga wanda yake rubutu da Hausa kullum, wannan kaɗai babban sauƙi ne.

Sai dai tsarin yana da farashinsa. Duk fayil ɗin da ke cikin /nix/store na karantawa ne kawai, saboda haka manhajar da ta saba adana saitinta da kanta, kamar VS Code, ba za ta iya rubutawa a ciki ba idan Home Manager ce ke riƙe da shi. Ƙara girman rubutu kawai sai ya buƙaci gyara home.nix da sake ginawa. Akwai mafita ta mkOutOfStoreSymlink, wadda ke nuni zuwa fayil da ke wajen /nix/store, amma ni na zaɓi in rubuta abubuwan da ba na yawan canzawa, in bar sauran a hannun manhajojin. Saƙonnin kuskure na harshen Nix ma sukan yi tsawo, kuma sabon shiga zai sha wuya kafin ya gano layin da ke da matsala. Mai amfani da fuskar KDE maimakon GNOME kuwa sai ya ƙara da plasma-manager don rubuta saitinta.

Akwai gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba: duk wanda ke da shiga kwamfutar yana iya karanta abin da ke cikin /nix/store, don haka kalmar sirri ba ta shiga home.nix, sai dai a bi ta agenix ko sops-nix, manhajojin da ke ɓoye irin wannan sirrin.

Tsofaffin zubi suna cin wuri a faifai har sai an share su da nix-collect-garbage, sabuntawa kuma tana cin data sosai, abin da mai sayen data da kuɗin aljihunsa zai ji a jikinsa. NixOS tana fitar da sabon bugu sau biyu a shekara, a watan Mayu da Nuwamba, kuma wajibi ne reshen Home Manager ya dace da bugun da ake kai. Ni nakan jira sai na sami intanet mai sauƙin kuɗi kafin in yi wannan ƙaura, lambar home.stateVersion, mai nuna bugun da aka fara saitin da shi, kuwa ina barin ta yadda take tun ranar da na fara.