Wajen wane malami za ka kai damuwarka a Kumasi?

A Aboabo ko Asawase, da zarar kasuwa ta tsaya maka, ko yarinya ta daɗe ba manemi, ko yaro ya fara firgita cikin dare, shawara ba ta yin wuya. Wannan ya turo maka lambar malamin TikTok, waccan ta ce akwai mai ruƙiyya a Tafo, wani kuma ya raɗa maka labarin wani boka a bayan gari wai aikinsa kamar yankan wuƙa. Kafin ka ciro ko sidi ɗaya, tsaya ka san wa za ka miƙa wa sirrinka.

Ni dai malamin zaure na unguwa nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Ina nufin dattijon nan da za ka tarar a kan buzu bayan Asuba, almajirai kewaye da shi da alluna, wanda kowa ya san wajen wa ya yi karatu. Da shi kake sahu sau biyar a rana, 'ya'yansa a unguwar suke aure, saboda haka in ya cuce ka ba shi da wurin ɓuya. Idan ka ce "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tafe da ni," tambayoyinsa ma kaɗai sun isa su nuna maka ko wane ne. Kana sallah a kan lokaci? Akwai haƙƙin wani a kanka? An kai yaron asibiti? Sai ya ba ka abin da za ka karanta da bakinka, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, istigfari, ya koya maka istihara ka yi da kanka. In rubutun sha ne, a gabanka zai rubuta, ka ga ayar da idonka kafin a wanke allon. Ba ya yanka farashi. Abin da ya sawwaƙa ka tura ƙarƙashin buzu, wani lokaci ma ya ce ka kai wa marayu. Karɓar wani abu a kan tofi ba laifi ba ne, domin a Bukhari akwai labarin sahabban da suka yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha aka ba su tumaki, Annabi (SAW) kuma ya amince. Inda matsalar take shi ne ciniki da alkawarin sakamako. Malamin kirki "in Allah ya so" zai ce maka, ba zai ba ka wa'adin kwana uku ba. Masu gaggawa suna ganin wannan rauni ne.

Sai dai ba duk mai buzu da carbi ba ne. In ya baza yashi a faifai zai yi bugun ƙasa, ɗauki takalminka. Hadisin Muslim a fili yake, wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare 40.

Cibiyoyin ruƙiyya suna tsaka-tsaki. Akwai na gaskiya, masu karatu a bayyane, ba sa keɓewa da mace sai da muharraminta. Akwai kuma waɗanda komai aljani ne a wurinsu, ciwon kai aljani, farfaɗiya aljani, a ƙarshe a haɗa ka da kwalabe biyar na man habbatus sauda da ba su da lambar hukumar kula da abinci da magunguna (FDA). Duk wanda ya ce a daina maganin asibiti, ko ya ɗauko bulala ko sarƙa, a bar wurinsa a ranar. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu taɓin hankali, kuma tun 2012 Ghana take da dokar da ke kare haƙƙinsu.

Boka da sansanonin addu'a na kan duwatsu, ban ga abin da zai kai Musulmi can ba.

To, sai 'yan talabijin da waya, waɗanda su ne annobar. A Afrilun 2021 samari biyu suka kashe wani ƙaramin yaro a Kasoa, masu gabatar da ƙara suka ce tallar kuɗin tsafi suka gani a talabijin. A watan ne hukumar sadarwa ta NCA ta rufe tashoshi 49 marasa lasisi. A Yulin 2025 wata kotu a Accra ta ɗaure Nana Agradaa, tsohuwar bokanya da ta koma mai wa'azin coci, bisa damfara da tallar yaudara. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, ta koma TikTok da WhatsApp ne, wasu da rawani da hatimi a bango. Salon ɗaya ne. A fara da kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sunan da zai fito a wayarka kuma ba na malamin ba. Gobe a ce baƙin rago, jibi turare daga Maroko, sannan a ce aljanin ya fusata, in ba ka ƙaro ba aikin zai dawo kanka, in ka gaya wa wani za ka haukace. Wasu har hoto suke nunawa tare da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, alhali ƙofarsa a Fadama baƙi ba sa yankewa, hoto ba ijaza ba ne.

Ma'aunin da na fi riƙewa shi ne ambaton suna. Wani irin waɗannan ya taɓa ce wa yayata uwar mijinta ce ta yi mata sammu, har da siffanta ta, wai doguwa mai wushirya, bayan ita da kanta ta gama ba shi labarin gidan ta waya. Kuɗin da ya ci bai dame mu ba kamar abin da ya biyo baya. Ta daina cin abincin tsohuwar, ta hana yara shiga ɗakinta, aure na shekaru ya mutu, har yau gidajen biyu ba sa gaisawa a wurin suna ko jana'iza. Saboda haka da zarar malami ya fara nuna maka kishiya, ko abokin shago a kasuwar Kejetia, ko ɗan'uwanka na jini, tashi, ko da ka riga ka biya.

In kuwa kuɗinka ya riga ya tafi, kada ka goge saƙon MoMo da muryoyin WhatsApp don jin kunya. Kai su ofishin 'yan sanda, domin karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960, kuma ka faɗa wa limamin masallacinku ya sanar bayan sallah, ba sai ya ambaci sunanka ba.