Kayan koyar da haɗewar tantanin ƙwayoyin halitta: akwai tufka, babu warwara

Na yi zango guda ina amfani da wannan samfuri na roba da maganaɗisu a aji, wanda aka ƙera domin nuna yadda tantani biyu suke haɗewa su zama ɗaya. A cikin akwatin akwai faifai biyu masu wakiltar tantani, da 'yar ƙwallo mai wakiltar jakar da ke ɗauke da sinadarin saƙo a ƙarshen jijiya, da igiyoyi masu launi uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka jera ƙwayoyin maiƙon da ke gina tantani a sahu biyu, kawunansu masu son ruwa suna waje, wutsiyoyinsu masu gudun ruwa suna ciki. Ɗalibi da ya matso da faifan biyu yana jin maganaɗisun yana ture hannunsa, nan take kuma ya gane cewa tantani ba ya haɗewa don kawai ya kusanci ɗan'uwansa, domin ruwan da ya manne wa kawunan da kuma cajin lantarkinsu suna hana su taɓa juna. Igiyoyin su ne furotin ɗin SNARE: synaptobrevin a jikin jakar, syntaxin da SNAP-25 a tantanin jijiya. Ana tufka su su zama sili huɗu, biyu daga cikinsu na SNAP-25 ne, kuma tufkar tana farawa daga nesa ta gangaro zuwa gindi, tana jawo faifan biyu har sahun waje ya haɗu da na waje alhali na ciki bai motsa ba. Wannan mataki na rabin haɗewa, wanda nakan sha wahalar zana shi a allo, ya fito fili sarai kafin ƙofar da saƙon zai fita ta cikinta ta buɗe. Ɗan littafin da ke cikin akwatin ya kawo lambar yabo ta Nobel ta 2013 da aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kan binciken yadda irin waɗannan jakunkuna ke aiki, ya kuma bayyana cewa dafin botulinum da na tetanus waɗannan furotin ɗin suke yankewa.

Sai dai akwai giɓi, kuma ba ƙarami ba ne. Babu komai da ke wakiltar NSF, wato furotin ɗin da ke ƙona ATP, makamashin ƙwayar halitta, ya warware igiyoyin bayan an gama, saboda haka ɗalibi yana warware su da yatsunsa ya ɗauka abin banza ne, alhali a nan ƙwayar halitta take biyan kuɗin aikin gaba ɗaya. Synaptotagmin ma, furotin ɗin da ke jin shigowar kalsiyam ya saki haɗewar cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, layi guda kawai ya samu a littafin. Robar kuma ta cika tauri, har wasu ɗalibai suka zaci tantani kamar ɓawo yake, ga shi kuwa kaurinsa kusan nanomita 5 ne kawai (nanomita kashi ɗaya ne bisa biliyan na mita), ƙwayoyinsa suna zirga-zirga kamar mai a kan ruwa.

Malamin da zai saya ya tanadi hoto mai motsi da zai haɗa da shi, musamman idan darasinsa zai kai ga ƙwayar cutar mura ta influenza, wadda furotin ɗinta hemagglutinin ke jiran tsami kafin ya soki tantani, domin akwatin bai taɓo haɗewar ƙwayoyin cuta ba ko kaɗan.