Sikelin bakin tirela: yana aikinsa, amma ba shi ke yanke hukuncin abin da tsohuwar a-kori-kura za ta ja ba

Ɗan ƙaramin ƙarfe ne, tsayinsa bai fi taƙi ɗaya ba, da mai a cikinsa da agogo a gefe. Ana ajiye shi a ƙarƙashin bakin tirela, daidai inda ake maƙala ta da mota, a sauke jak a hankali har nauyin ya hau kansa, sai allura ta nuna kilo nawa tirelar ke dannawa ƙasa. Ba batir, ba waya, ba manhaja. Na saye shi ne don a-kori-kurata ta haura shekara ashirin a kan titi, kuma kayan da nake ja a ƙaramar tirela ba iri ɗaya ba ne: yau siminti, gobe katako, jibi injin ban ruwa. Ya cancanci saye. Sai dai duk wanda ya zaci shi zai faɗa masa iyakar abin da motarsa za ta ja, to ya sake lale. Lamba ɗaya yake bayarwa cikin lambobin da ake buƙata.

Amma fa lambar ce ke fara kama tsohuwar mota. Mutane na kallon ƙarfin inji, su ce ai tana ja. E, tana ja. Matsalar tana ƙafafun baya. Ƙugiyar ja tana can bayan tayoyin baya, don haka nauyin da ya sauka a kanta yakan ƙaru kafin ya isa tayoyin, kamar yadda ake ɗaga dutse da dogon ƙarfe. A motata, tsakanin tayoyin gaba da na baya kusan mita 3 ne, daga tayoyin baya zuwa ƙugiya kuma mita 1.2. Idan sikelin ya nuna kilo 200, abin da ƙafafun baya ke ɗauka kilo 280 ne, kuma an zare kilo 80 daga ƙafafun gaba. Su kuwa na gaba su ke riƙe da sitiyari, su ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa za ka ga mota ta ɗaga hanci, fitilunta na haska saman bishiya, sitiyari ya yi sakwaf a hannu.

Rage nauyin bakin da yawa kuma wata fitinar ce. Idan kaya suka koma bayan tirela, da an ɗan taka mota sai ta fara wutsiya hagu da dama, babbar mota ta gifta ta ƙara mata. A Amurka shawarar da aka saba bayarwa ita ce nauyin baki ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta. A Turai sukan yi ƙasa da haka, kuma dokokinsu na rage gudun mai jan tirela. Tirela mai kilo 1,500 ke nan tana son kilo 150 zuwa 225 a baki bisa lissafin Amurka. A nan sikelin ya burge ni ƙwarai. Ka matsar da buhu uku na siminti rabin mita gaba, kana kallo allura za ta tashi. Ido ba ya ganin wannan bambancin, hannu ma ba ya ji.

Yana da halayensa masu ban haushi. Gajere ne, dole ka tanadi katakai ka ɗora shi har bakin tirela ya kai tsayin ƙugiyar motarka, in ba haka ba lambar ƙarya za ka karanta, musamman a tirela mai tayoyi biyu a kowane gefe. Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, a kuma tokare tayoyin. Allurar takan ɗan maƙale, sai ka ƙwanƙwasa gefen agogon ta zauna, ni nakan ɗaga in sake saukewa in ga ko lambar za ta maimaita kanta. Rubutun fam, ma'aunin nauyi na Amurka, ya fi girma a fuskar agogon, na kilo kuma ƙanana ne, mai raunin ido sai ya durƙusa. Idan naka fam kaɗai ke gare shi, raba da 2.2 ka sami kilo.

Sauran lambobin ba a jikinsa suke ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takarda ko farantin da ke manne a ginshiƙin. GVWR shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. GAWR iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka, kowanne da nasa. GCWR, wato iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, galibi sai a littafin mota, kuma yakan bambanta gwargwadon inji da giya. Daga nan sai babban sikelin da manyan motoci ke hawa, domin tsohuwar mota ba ta nan a nauyin da ta fito da shi: an ƙara mata ƙarafan bodi, akwatin kayan aiki, safaya ta biyu. Tawa an rubuta mata GVWR kilo 2,700. Da na hau sikeli da cikakken tanki, da ni da yaron mota da kayan aiki, ta nuna 2,250. Saura 450. Cire kilo 200 na bakin tirela, abin da ya rage wa bodi 250 ne kacal, buhu biyar na siminti. Wanda ya cika bodi sannan ya maƙala tirela ya wuce iyaka tun bai ta da inji ba. Haka za ka cire nauyin motar na gaskiya daga GCWR, abin da ya rage shi ne tirelar da aka yarje maka. Duk lambar da ta fi ƙanƙanta, ita ce taka.

Ita kanta lambar jan da ke cikin tsohon littafin mota, wato nauyin tirelar da kamfani ya ce za ta iya ja, ina kallonta da ido ɗaya. Sai a 2008 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ma'auni guda, J2807, wanda ya haɗa da hawan doguwar hanyar Davis Dam a jihar Arizona cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyaya mota a kunne. Toyota ta fara bin sa, Ford da GM da Ram suka biyo baya wajen motocin 2015. Kafin nan kowane kamfani da yadda yake gwada tasa. Kuma ko lambar daidai take, an rubuta ta ne don sabuwar mota.

Shekaru ba sa shiga lissafin kowane sikeli. Lagireto da ya toshe rabi zai yi shiru a fili, ya tafasa a hawa. Giya mai canza kanta zafi ke kashe ta. Man birki na shan danshi da daɗewa, a doguwar gangara sai feda ta yi laushi. Ka sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa shasi inda aka ɗaure ƙugiya, domin tsatsa ta fi son nan, ita ma ƙugiyar tana da lambarta a jiki. Wadda aka yi wa walda a bamba ba ta da lambar da za a dogara da ita. Duba gefen taya, akwai lambar nauyin da za ta iya ɗauka: 100 na nufin kilo 800, 104 kilo 900, kuma lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta. A Turai da Ostireliya tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, ni ma a nan na tsaya. Bayan duk wannan nakan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da lissafi ya ba ni, ra'ayina ne, ba doka ba.

Mai jan kaya iri ɗaya kullum ya ari sikelin sau ɗaya, ya yi wa tirela alama da fenti inda kaya za su zauna, ya mayar wa mai shi. Mai canza lodi irina ya sayi nasa. Girma-girma ne, ka zaɓi wanda nauyin bakinka zai faɗa tsakiyar agogonsa. Babban da aka yi don manyan tireloli, kilo 150 da ƙyar yake motsa allurarsa.