Maganin Kaska a Jikin Kare: Ɗigo a Ƙeya ko Ƙwaya a Baki?

Kaska ba shan jini kaɗai take yi ba. Tana ɗauko cutar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini, har ka ɗaga leɓen kare ka ga dasashinsa ya yi fari fat.

Maganin ɗigo, irin su Frontline, a fata ake zuba shi. Ka buɗe gashin da ke tsakanin kafaɗu, inda harshensa ba ya kaiwa, ka matse ruwan a nan. Yana aiki kusan wata guda. Matsalarsa ruwa: kada a yi wa karen wanka sai bayan kwana 2, kuma yawan sabulu yana rage masa ƙarfi. In akwai kyanwa a gidan, a guji wanda ke ɗauke da sinadarin fametirin, domin yana iya kashe ta.

Ita ƙwaya taunawa kare yake yi, maganin ya shiga jini. NexGard wata-wata ake bayarwa, Bravecto kuwa yana kaiwa mako 12. Ba ruwanta da wanka, yara ma za su shafa kare ba fargaba. Sai dai kaska sai ta ciza kafin ta mutu. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan rukuni kan jawo wa wasu karnuka karkarwa ko farfaɗiya.

Ni dai ƙwaya na fi so ga kare mai yawan shiga ruwa da ciyawa. Amma wanda ya taɓa farfaɗiya, kada a ba shi sai likitan dabbobi ya amince, kuma ko wanne aka zaɓa, a auna nauyin karen tukuna.